Farin Kifin Zinariya: Daga Tafkunan Ƙasar Sin Zuwa Dogo Tebo

Mu mutanen Fataskum an san mu da shanu da hatsi da manyan motoci, ba a san mu da su ba. Garinmu na tudu ne, babu gulbin da ya ratsa shi irin na Gashuwa ko Haɗeja, kuma kifin da muka buɗe ido muka gani shi ne wanda yake zuwa a kwali, ya sha hayaƙi ya yi baƙi, daga Baga ko Nguru. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Katagum suka yada zango a nan, fatauci ne ya kawo su, babu wanda ya zo da koma a kafaɗa. Sai ga shi a 'yan shekarun nan wani kifi ya shigo unguwa wanda ba a ci, kallonsa kawai ake yi. Za ka gan shi a kemis, a shagon aski, a falon amarya cikin kayan jere, wani a akwatin gilashi, wani a kwalbar da aka gama sayar da alewarta. Masu sayarwa suna ce masa golfish, wasu su ce kifin zinariya. Galibinsa ja ne ko ruwan lemo, amma wanda ido ya fi kaiwa gare shi yanzu shi ne farin, fari fat kamar an wanke shi da bula.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda yake ƙarewa. A sayo shi ran Juma'a da murna, yara su kewaye shi, kafin wata ya zagayo an tashi da safe an tarar ya juya ciki sama. A zubar a kwata, a ce ai dama haka suke, ba su da kwana. To, jama'a, wannan magana ba ta da tushe. Kifi ne mai shekara goma zuwa goma sha biyar idan ya sami ruwa mai kyau, har ma fiye. Wanda ya bi tarihinsa zai gane dalilin da ya sa yake mutuwa a kwalba, zai kuma gane cewa farinsa ɗin nan da muke sha'awa aikin hannun mutane ne na kusan shekara dubu.

Kakan wannan kifi yana nan har gobe a koguna da tafkunan ƙasar Sin, kuma in ka gan shi ba za ka sake duban sa ba. Launin laka ne da shi, toka-toka da ɗan kore, kusan kamar karfasa, kuma abinci ne na talakawa. Launin nan shi ne garkuwarsa, domin tsuntsun da ke shawagi a sama ba ya bambanta shi da ƙasan ruwa. Jefi-jefi a cikin dubbai sai a haifi ɗaya ja ko rawaya. Littattafan Sin sun ambaci irin waɗannan tun tsakanin ƙarni na 3 da na 5. A daji irin wannan kifi bai cika kaiwa girma ba, don shi ne farkon wanda zalɓe zai hango.

Abin da ya cece shi wata al'ada ce ta mabiya addinin Buda. A wuraren ibadarsu suna haƙa tafki na musamman, inda mutum zai sayo dabbar ruwa da aka kama ya sake ta, yana ganin ya yi aikin lada. Masunci in ya kamo jan kifi, baƙon abu, can ya fi dacewa a kai shi. A tafkin ba a su, ana ciyarwa, ana korar tsuntsu. Wajen shekara ta 970 wani gwamna mai suna Ding Yanzan ya keɓe irin wannan tafki a garin Jiaxing saboda jajayen kifin da aka gani a ciki, daga baya aka sami wani a birnin Hangzhou. Jajaye suka haɗu da jajaye, suka hayayyafa.

A 1162 Sarki Gaozong na daular Song ya sauka daga mulki ya koma fadar hutunsa a Hangzhou, aka gina masa tafki aka tara masa waɗannan kifaye. Don mu kwatanta zamanin da namu, a lissafin tarihin Kano wannan lokacin ganuwar birni sabuwa ce, wadda Sarki Gijimasu ya fara. Abin da sarki ya so kuwa fadawa da attajirai za su so. Kowa ya haƙa nasa tafkin a gida, aka sami masu sana'ar kiwo, kifin ya rabu da danginsa na daji gaba ɗaya. A nan ne farin ya fito. Wani marubuci Yue Ke, a littafinsa na wajen 1214, ya kwatanta kifi mai farin jiki kamar ƙanƙara da ɗigo-ɗigon baƙi. Wani kuma, Wu Zimu, da ya rubuta bayanin Hangzhou wajen 1274, ya ce a bayan ƙofar birni akwai masu kiwon su, jajaye da farare masu ƙyallin azurfa, suna shigo da su gari suna talla. Wato shekara ɗari bakwai da hamsin ke nan ana tallar farin kifin zinariya a kasuwa, tun zamanin da daular Kanem take kan ganiyarta bayan Mai Dunama Dabalemi.

Me ya sa yake fari?

A fatar kifin akwai ƙwayoyin launi iri-iri. Akwai masu baƙi, akwai masu ja da rawaya, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli kamar madubi. Na daji yana da su duka, shi ya sa ya yi launin laka. In baƙin ya gushe sai ja ya bayyana. In jan ma ya gushe, abin da ya rage shi ne ƙyallin nan, shi muke gani fari. Ke nan farin kifi ya yi rashi biyu, kuma a ruwan da babu mai tsaro shi ne mafi saurin shiga bakin tsuntsu. Duk farin kifin da ka gani a yau, kakanninsa tun daga Hangzhou wani ne ya tsare su.

Wani abin mamaki kuma, ba a haifar su da launinsu. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa da launin kakansu na daji, sai bayan wasu watanni, wani ma sai ya shekara, sannan su juya. Launin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kifi ba ya ƙera jan launi a jikinsa, daga abinci yake samo shi, musamman gansakuka da ƙananan halittun ruwa. Wanda aka ajiye a ɗaki mai duhu ana ba shi ɓarɓashin burodi, a hankali jan zai koɗe. Wani kuma tsufa ne ke farar da shi kamar furfura. Saboda haka farare iri biyu ne a kasuwa, akwai na gado, akwai wanda ya koɗe. Mai saye ya buɗe ido.

Zamanin randa

Sauyi na biyu ya zo a daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Ba kowa ke da filin haƙa tafki ba, sai mutanen birni suka koma ajiye kifin a manyan tukwanen ƙasa da na tangaran a tsakar gida. Wannan ya canza komai. A tafki kifi shi yake zaɓar abokin haihuwarsa, a tukunya kuwa mai gida ne yake zaɓa masa. Kifin da jelarsa ta rabu biyu, ko idonsa ya fito zuru-zuru, ko jikinsa ya dunƙule kamar ƙwai, wanda a gulbi ba zai iya tsere wa kowa ba, a tukunya shi ya zama abin nema.

A 1596, wajen ƙarshen zamanin Mai Idris Alauma na Birnin Ngazargamu a nan jiharmu, wani matashi ɗan birnin Suzhou mai suna Zhang Qiande ya rubuta littafi sukutum a kan kiwon wannan kifi. Yadda ya bayyana aikin, mai kiwo zai sayo dubbai da rani, ya rarraba su a tukwane gommai, kullum yana tsame waɗanda ba su yi ba, har ya rage ɗaya ko biyu a cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ran kasuwa ya ga yadda dillali ke duba bijimi, ƙaho da tozo da kofato, zai gane irin wannan ido. Amma abin da ya fi jan hankalinmu a littafin shi ne maganar ruwa. Ya jera ruwa daraja-daraja: na gulbi da tafki mai gudu shi ne gaba, sai na rijiya mai sanyi, na magudanar cikin gari kuwa ya ce kada a kusance shi. Ya kuma nace a kan yawan sauya ruwa. Mutumin bai san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma abin da masana ke faɗa yau bai wuce nasa da nisa ba.

A lura da tukunyar kanta. Babba ce, mai faɗin baki, ana ajiye ta a inuwa, ana leƙa kifin daga sama. Faɗin bakin shi ne sirrin, domin ta saman ruwa iska take shiga. Mu da muka tashi muna shan ruwan randa ba sai an yi mana dogon bayani ba: tukunyar ƙasa tana tsattsafo, ruwan cikinta yana sanyi ko da rana ta take. Wallahi babbar kwatarniya ta maginan gargajiya ta fi kusa da gidan asalin wannan kifi fiye da zagayayyiyar kwalbar gilashi mai ƙaramin baki da ake sayar mana tare da shi.

Daga Sin ya ƙetara Japan a farkon ƙarni na 16, ana ambaton shekarar 1502, kuma garin Yamato-Koriyama ya shahara da kiwonsa tun ƙarni na 18 har yau. Japanawa sun ƙware a haɗa ja da fari, har suna da wanda duk jikinsa fari ne sai jan tabo a ka kamar hular dara. 'Yan kasuwar Fotugal suka kai shi Turai a ƙarni na 17, inda ya daɗe yana kayan sarakuna da masu hali. A Iran kuwa har yanzu ana ajiye shi a teburin bikin sabuwar shekararsu ta Nauruz.

Akwatin gilashi kansa ɗan jiya ne. A 1845 Ingila ta soke harajin gilashi, ya yi araha. A 1850 wani masanin haɗa sinadarai a Landan, Robert Warington, ya zuba kifin zinariya biyu a babban mazubin gilashi tare da ciyawar ruwa, ya ƙara da dodon koɗi, ya nuna cewa ruwan zai iya daɗewa bai lalace ba, domin ciyawa tana fitar da iskar da kifi ke shaƙa, dodon koɗi yana cinye ruɓaɓɓen ganye. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a, shekara guda bayan haka Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa sunan akwariyom. Kafin a ce me, kowane falo a Ingila yana son nasa.

Amurka ce ta zubar masa da daraja, ba da gangan ba. Hukumar kifi ta gwamnatinsu ta shigo da shi daga Japan a 1878, daga 1884 zuwa 1894 kuma ta riƙa raba shi kyauta ga mazauna birnin Washinton da suka nema, dubbai a kowace shekara. Manoma suka shiga kiwonsa da yawa, farashi ya faɗi warwas, har ya zama kyautar da ake ba yaro a leda in ya ci wasa a wurin biki. Abin da aka samu a banza, a banza ake riƙe shi. Daga nan ne sunan nan na kifi marar kwana ya samo asali, ya biyo leda har ya iso mana. Amma ko a cikin 'yan ledar akwai wanda ya ƙaryata zancen. Wani kifi da ake kira Tish, wanda aka ci a wurin wasa a Ingila a 1956, bai mutu ba sai a 1999, yana da shekara 43. Ja ne da farko, ya tsufa ya koma farin azurfa. A 2005 majalisar birnin Rum ta hana ajiye kifi a zagayayyiyar kwalba da kuma ba da shi kyauta a wurin wasa.

Namu tarihin

Ajiye kifi a ruwan gida ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, in ba haka ba da ba mu sami kalmar kifin rijiya ba, wanda muke kiran mutumin da bai san duniya ba. Amma kiwon kifi na zamani a Arewa ya fara ne daga gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, wadda gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a 1951. A 1954 aka kawo mata wani kifi daga Ostiriya mai suna kaf, wanda ɗan uwan kifin zinariya ne na kusa, zuriyarsu ɗaya. Ba banza aka zaɓi Filato ba, sanyinta aka bi, domin wannan zuriya ta ƙasashen sanyi ce. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu a Fataskum mu yi tunani.

A wancan lokacin babu wanda ya damu da kiwo a nan gabas, tunda Tafkin Chadi yana cike. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka zo, kafin tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa a 1992 suka rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru. Sai kuma rikicin da ya taɓa Baga da hanyarta, wanda ba sai an tuna wa kowa a garin nan ba. Kifin kwali ya yi tsada, matasa suka koma gina tankin siminti da kafa tamfol a bayan gida suna kiwon tarwaɗa. Yanzu a unguwar nan akwai samarin da suka san abincin kifi lamba-lamba, suka san rarrabe manya da ƙanana don kada su cinye juna.

Wannan ilmi alheri ne, amma a nan wani tarko yake. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa za ka cusa ɗari a ƙaramin tanki, ruwa ya yi kore ya yi wari, tana nan tana hamma a sama abinta. Gaiwa ma ta fi ta, ta shige laka ta kwana rani guda. Idonmu ya saba da irin waɗannan jarumai, sai muke auna kifin zinariya da mudunsu. Shi kuwa iskar da ta narke a ruwa ita ce rayuwarsa. In ka gan shi ya taso sama yana buɗe baki, ba wasa yake ba, ba kuma yunwa ba ce, shaƙewa yake yi.

Kafin mu bar nan, akwai wani abin dariya. Muna sayen kifin Sin don ado, Turawa da Japanawa kuma suna sayen namu. Daga Legas ana fitar da kifin ado zuwa ƙasashen waje, cikinsu har da irin su gartsa da ƙurungu da talibambam, waɗanda masuntanmu ba su ɗauke su bakin komai ba. Akwai ma wani ɗan mitsitsin kifi mai kyan launi da wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya bayyana a 1928 daga kogin Kiyawa kusa da Katagum, sunansa na kimiyya har yau yana ɗauke da sunan Kiyawa. A kududdufin damina yake rayuwa, ruwa ya ƙafe ya mutu, ƙwansa ya jira a busasshiyar laka har wata daminar.

Bazarar Fataskum

Kifin zinariya ya fi jin daɗi a ruwa mai zafin digiri 18 zuwa 24. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana kai 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Lissafin a fili yake. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, in ya kai 30 sai ya koma wajen 7 da rabi, a daidai lokacin da jikin kifin ya ninka buƙatarsa saboda zafi. Buƙata ta hau, abin biya ya sauka. In kuma aka ɗauke wuta da tsakar dare, famfon iska ya tsaya, kafin asuba an yi asara. Duk mai son wannan kiwo a garin nan, ya fara tanadar ɗan famfon iska mai batir ko mai sola kafin ya sayi fitila mai launi da furen roba.

Sai ƙazanta. Kifin ba shi da tumbi irin na sauran dabbobi, abinci yana wucewa ne kai tsaye, kullum yana ci kullum yana fitarwa. Abin da yake fitarwa ya ƙunshi amoniya, guba ce mai ƙona masa hanyar numfashi, kuma ta fi cizo a ruwan zafi. Ba a ganin ta, ruwa yana iya zama garau alhali ya zama dafi. Maganinta wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin tsakuwa da soson matata, su ne suke juya gubar ta zama taki. Suna buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon akwati. A nan ne tsafta take kashe kifi: uwargida ta ga akwati ya yi dauɗa, ta tsame kifin a roba, ta wanke komai tas da sabulu, ta cika da sabon ruwa. Ta kashe masu gadin ke nan. Abin da ya dace shi ne a ɗebe rubu'in ruwan duk mako, da bazara sau biyu, a mayar da sabo, soson kuma a ɗauraye shi a tsohon ruwan da aka ɗiba. Sabulu kam kada ya kusanci akwatin.

Mun san ruwa kuɗi ne a unguwar nan, yawancinmu sai mun tare mai kura. Don haka a yi lissafi tun kafin saye. Kifi ɗaya yana son kamar jarka uku ta lita 25, kowane ƙari kuma jarka biyu, domin ɗan yatsan nan da ka sayo zai kai tsawon taƙi in ya rayu. Ruwan burtsatse yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin iska, na famfo kuma wani lokaci da kulorin, dukansu a bar su su kwana a buɗaɗɗen baho kafin a zuba. Wanda aka ɗebe kuwa ba asara ba ne, zogale da lemon tsami na tsakar gida suna son sa fiye da sabo. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye a minti biyu. A ja kunnen yara, don su ne masu zuba masa tuwo da biskit saboda tausayi. Ɗan dafaffen ganyen alayyafo yana yi masa amfani.

Farin yana da wata fa'ida ga mai kiwo, ba ya ɓoye ciwo. Da ruwa ya fara ɓaci za ka ga jajayen jijiyoyi sun fito a jelarsa da fukafukansa, wannan sammaci ne na a sauya ruwa yau ba gobe ba. Sai dai akwai cutar da take sajewa da farinsa, ƙananan ƙuraje kamar an barbaɗa masa gishiri, kifin yana goga jiki a tsakuwa. A duba fukafukai ta gefen haske, a nan ake ganin su. Gishiri zalla, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, ana ƙarawa a hankali, yana taimakawa. Masu son farin ya zauna fat su guji abincin da aka rubuta yana ƙara launi, domin yana iya sa shi ya yi rawaya-rawaya.

Wanda yake da fili ya gina tafki, ya fi akwati nesa ba kusa ba. Zurfin ya kai mita ɗaya ko kusa, domin ƙasan ya yi sanyi da rana, a kuma yi masa rumfa ta zana ko raga mai inuwa. Kada a gina shi dab da gindin darbejiya ko dalbejiyar maƙwabta mai zubar da ganye, ruɓaɓɓen ganye yana cinye iskar ruwa. Sabon siminti yana fitar da kaifi mai ƙona kifi, masu tarwaɗa sun san wannan, sai an jiƙa ana zubarwa na wasu makonni. Shirwa da zalɓe da kyanwar unguwa duk farin za su fara gani, kamar dai yadda aka yi shekara dubu da ta wuce, raga a sama ita ce maganinsu. Tafki mai kifi ba ya tara sauro, kifin yana cinye tsutsarsa, amma tafkin da kifinsa ya mutu aka bar shi da ruwa masana'antar zazzaɓi ce ga layi guda. Sannan abin da ya fi duka nauyi: gidajenmu cike suke da masu rarrafe, ruwa mai zurfin gwiwa ya isa ya ci yaro. Tafkin da ba shi da murfin ƙarfe ko katanga mai ƙofa, gara kada a gina shi. Malamanmu kuma sun sha tuna mana labarin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha, abin da ka kulle a gidanka haƙƙinsa yana wuyanka, ko da kifi ne.

Akwai masu cewa in sun gaji da shi za su kai shi kududdufi su sake, wai sun 'yanta shi. Kada a yi. Farin ba zai wuni ba tsuntsu ya ɗauke shi, in kuma wasu suka tsira suka hayayyafa, cikin 'yan zuriya kaɗan 'ya'yansu za su koma launin laka, su yi ta tonon ƙasan ruwa suna cinye ƙwan kifin gida. A kogin Vasse na yammacin Ostireliya an kama irin waɗanda aka saki ɗin nan masu nauyin kusan kilo 2, sun zama annoba. Da damina kududdufanmu suna tumbatsa su haɗe da rafuka, ba wanda ya san inda ruwan zai kai su. Wanda zai yi tafiya ko ya kasa, ya mayar wa mai sayarwa ko ya ba maƙwabcin da ke da tafki.

Ga mai niyyar farawa, lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama, Oktoba zuwa Nuwamba. A cika akwatin ko tafkin tun da kaka, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan ƙwayar abinci a ruwan ba kifi na tsawon wata guda, sannan a kawo biyu kacal. In an kawo su, a ɗora ledar a kan ruwan kamar minti ashirin kafin a kwance bakinta, don zafin ciki da na waje su daidaita. Sanyin hunturunmu ba ya damun sa ko kaɗan, lokacin ne ma yake ƙiba, ya tari zafin Afrilu da ƙarfinsa.